Kukan da ke Cikin Bututun Iska

Accra, farkon Maris

Yaya Twumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Hamburg, ya aiki, ya ƙafar mahaifiyarka Inna Gyamfua? Ina fata ta daina hawa benen nan naku tana zagin wanda ya gina shi. Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu ana biyanka albashi don ka zauna kana wasa kamar yaro. Na ce mata gwada wasannin kwamfuta aiki ne, kai kake nemo wa kamfani ɓarakar da ke ciki kafin a sayar. Ta ce ai ita ma abin da take yi wa surukanta ke nan, ba wanda ya taɓa biyanta.

A garinmu Effiduase kowa lafiya, sai Kawu Asiedu da jikin ya ƙi daɗi. Nana Dufie kuwa tana nan daram. Cikin kakanninmu ita kaɗai ta rage, kuma har yanzu in aka yi rasuwa a dangi ita ke jan waƙar makoki, ba macen da ke buɗe baki sai ta fara.

To, ga dalilin wasiƙar. Wasanmu ya kammala! Ni da Selorm, abokin aikina, mun ƙarasa shi a ɗakin bayan shagon ɗinkin yayarsa a unguwar Kaneshie, tsakanin ɗauke wuta da ƙarar keken ɗinki. Shi ya yi zane da ginin wasan, ni na yi labari da sauti. Sunansa Kurman Jirgi. Mai wasa makanikiya ce da ta farka a jirgin dakon ma'adinai can sararin samaniya, ta tarar ma'aikata duk sun mutu, iskar numfashi tana ƙarewa, kuma akwai wani abu a cikin bututun iska. A watan Mayu za mu kai shi gasar sababbin wasanni da ake yi a nan.

Ka buga shi ka faɗa min gaskiya, irin wadda kake faɗa wa Jamusawanka. Kada ka tausaya min don kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito. Amma kada ka ba kowa wasan tukuna.

Ƙanwarka,
Frimpomaa

Hamburg, tsakiyar Maris

Frimpomaa,

Na ga saƙonki, na ji daɗin lafiyarku. Ƙafar Mama da sauƙi, bakinta kuwa bai taɓa ciwo ba. Ki gaida Inna, ki ce mata in ta samu wanda zai biya ta, ni ma ina da surukan da za ta duba min nan gaba. Allah ya ba Kawu Asiedu lafiya.

Gaskiya kika nema, to riƙe. Zan fara da mai ɗaci.

Makanikiyarku tana tafiya kamar wadda ta ɗauko bahon ruwa a ka. Ko dodo yana bayanta ba ta sauri. Ƙofofin jirgin kuwa sai mutum ya yi hamma kafin su gama buɗewa, na san Selorm yana ɓoye jiran da ake yi kwamfuta ta shirya ɗaki na gaba ne, amma ya ɓoye shi da kyau mana. Taswirar ba ta nuna bene, na yi ta zagaye wuri ɗaya har na fara gaisawa da gawawwaki. Sannan takardun nan! Duk ma'aikacin da ya mutu a jirgin ya bar shafi biyu na rubutu. Wanda ake ja da ƙafa zuwa cikin bututu ina ya ga lokacin yin sakin layi? A ɗakin injin dodonku ya maƙale a bango, kai a ciki, ɗuwawu a waje, na tsaya ina kallonsa ina dariya. Babban kuskurenku shi ne ƙarshen wasan. Kun cika wa mutum aljihu da harsashi, daga nan tsoro ya mutu, abin ya koma farautar ɓera.

Yanzu mai daɗi. Da kuka ƙi sa lamba a kan iskar numfashi, sai dai mutum ya ji yadda numfashinta ke yin nauyi, wannan dabara ce ta manya. Lokacin da aka fita wajen jirgi komai ya yi tsit, ko ƙarar bindiga babu, na ji tsigar jikina ta tashi. Ƙarancin harsashi a farko ya yi daidai, kowane harbi sai mutum ya yi shawara da kansa. Kuma na ga wake da shinkafar nan a kan ganye a ɗakin cin abinci, da ƙwai rabi an gutsura. Na tsaya a kansa fiye da yadda ya kamata.

Amma duk wannan ba komai ba ne a kan muryar. Ƙanwata, ina kika samo muryar nan ta cikin bututu? Kamar ta tsohuwa, tana farawa can ƙasa, ta hau, ta hau, sai ta karye a tsakiya kamar an shaƙe ta. Ba a kama kalma ko ɗaya, amma mutum ya san wani take kira. Ranar Lahadi da rana tsaka nake bugawa, na ja labule, sai da na cire abin sauraro daga kunne na je na buɗe taga. Na gwada wasannin tsoro da ba zan iya ƙirgawa ba, na manyan kamfanoni masu ɗakunan ɗaukar sauti, ban taɓa jin abin da ya shige ni haka ba. Duk lokacin da na harbe abin nan muryar ta yanke, sai in ji wani irin sanyi a raina. Ku gyara ƙofofi, amma muryar nan kada ku taɓa ta. Ita ce wasan.

Yayanki,
Twumasi

Hamburg, ƙarshen Maris

Frimpomaa,

Ina fata kuna lafiya. Mu nan ƙalau, sanyi ya fara sakinmu.

Shiru nake ji. In maganar bahon ruwa ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, amma ke kika ce kada in tausaya. Haka nake rubuta wa kowa, akwai Bajamushen da ya daina gaishe ni a kan matakalar da ya zana.

Don ki san ba raina aikinki na yi ba, ga albishir. Wasan ban ba kowa ba, kamar yadda kika ce. Ɗan guntun hoto mai motsi kawai na yanka, wurin da muryar ke hawa a cikin duhu, dodon ya faɗo daga bututu, aka harbe shi, tas. Na sa a shafina na rubuta: aikin ƙanwata Frimpomaa ne daga Accra, ku jira. Ki zo ki ga yadda mutane suka ɗauka! Abokan aikina suna ta tura wa juna, har 'yan gida Ghana sun fara yaɗawa. Wani ya ce matarsa ta hana shi kunnawa a ɗaki. Talla ce kyauta na yi muku, in kun ci gasar kada ku manta da ni.

Ki amsa, ko da zagi ne.

Twumasi

Effiduase, farkon Afrilu

Yaya,

Ka cire hoton nan yanzu. Don Allah, kafin ka ƙarasa karanta wannan, ka je ka cire shi.

Ba fushi na yi ba. Kawu Asiedu ya rasu, na raka Mama gida, muna ta zaman dangi ana tsayar da ranar jana'iza, ga wayar nan ba ta kamawa sai an hau tudun makaranta. Yau na ga wasiƙunka biyu tare. Maganar ƙofofi duk gaskiya ce, ban damu ba.

Da na ce kada ka ba kowa, har da guntu nake nufi, har da sauti. Kada Inna Gyamfua ta ji shi. Zan yi maka bayani in na koma Accra.

Frimpomaa

Hamburg, Afrilu

Frimpomaa,

Allah ya ji ƙan Kawu, ya ba mu haƙuri. Ki yi wa Inna ta'aziyya.

Na cire hoton. Amma ba sai kin yi min bayani ba, an riga an yi min.

Tun kafin saƙonki ya iso na je wurin Mama. Tana kicin tana tuƙa sakwarar nan ta garin kwali da take zagi kullum tana ci. Na ce, "Mama, zo ki ji abin da 'yarki ta Accra ta yi." Na kunna, na ƙure murya, ina murmushi kamar wanda ya kawo kyauta.

Muciya ta tsaya a hannunta. Ta ce, "Sake sa min."

Na sake. Na ce, "Kin ji ko? Dodon jirgi ne."

"Dodon gidanku!" in ji ta. "Twumasi, kai ba ka san wannan ba? Da gaske ba ka sani ba?"

Na ce ina zan sani, sauti ne na kwamfuta.

Ta ce, "Wannan Dufie ce. Kukan mutuwar uwata Pokuaa ne. Nan inda muryar ta karye, lokacin da aka ɗaga akwatin ne, ina tsaye kusa da ita."

Ta ce in sake sawa, ta fara bin muryar a hankali, duk inda aka yanke tana cike gurbin da sunayen da aka cire, Pokuaa, da uwar Pokuaa, da uwar uwarta. Ba ta kai ƙarshe ba harbin ya tashi. Ta zabura har ta bugi tukunya. Ta kalle ni ta ce, "Wa ya harbe ta?" Na ce ni ne.

Ƙanwata, ban san inda zan sa fuskata ba. Nana Pokuaa ce ta goya ni har na shiga makaranta. Da ta rasu ban zo ba, na ce aiki. Da aka aiko min da bidiyon jana'izar, gaba na riƙa turawa ina duba wa ya zo, wa ya yi ƙiba. Wurin waƙar na tsallake, don ban iya yarenmu na Twi yadda zan gane ba, kuma ya yi min tsawo. Sai ga shi na zauna na ji kukan kakata na ce ban taɓa jin dodo mai kyau irinsa ba. Na rubuta miki cewa in na harbe shi sanyi nake ji. Ki goge waccan wasiƙar in za ki iya, ni na kasa sake karanta ta.

Ina so in yi miki faɗa, amma da wane baki? Tambaya ɗaya kawai: Nana Dufie ta sani?

Twumasi

Accra, tsakiyar Afrilu

Yaya,

Mun dawo lafiya. Mama tana nan da ciwon kai, na gajiya ne. An tsayar da jana'izar Kawu Asabar ta ƙarshen wata.

Nana ba ta sani ba, kuma abin da nake roƙon Allah ke nan dare da rana, kada ta sani.

Ba zan ce maka kuskure ba ne. Na gwada komai a kan muryar nan. Na ɗauki kukan akuya, na ɗauki ƙarar ƙofar shago, na yi ihu da kaina har yayar Selorm ta leƙo ta ce ko kunama ce. Duk abin dariya suka zama. Ina binciken tsohuwar wayata na tarar da abin da na ɗauka ranar jana'izar Nana Pokuaa. Na ja muryar ta yi nauyi, na yanke sunaye, na ce wa kaina in babu suna ai ba kukan kowa ba ne, sauti ne kawai. Da na sa a bututun na saurara, na san na samu. Na kuma san abin da na yi, shi ya sa ko Selorm ban gaya wa ba. Na yi zaton Turawa ne za su ji, su da 'yan gasa.

Jiya na cire ta daga wasan gaba ɗaya, na mayar da ihuna. Selorm ya buga ya ajiye, ya ce, "Ke, wannan kuma mene ne? Kamar mai tallan ruwa a tasha." Na gaya masa gaskiya. Ya ce, "To ki je ki roƙe ta mana, ki kai mata atamfa da kwalbar giya, ta yarda." Shi ɗan ƙabilar Ewe ne, bai san Nana ba. Na ce masa wannan waƙar ba ta ma yin ta in ba gawa a gabanta. Ko a gida ka ce ta ɗan rera maka, sai ta ce wa kake so ya mutu. Ta yaya zan ce mata na sa ta a bakin dodo ana harbinta? Ya ce shekara biyun da ya yi yana zane fa? Yau bai zo ba.

Wasan yanzu dogon lungu ne mai ƙofofi masu nawa. Ka faɗa da kanka, ita ce wasan.

Ka roƙar min Inna Gyamfua. Ta zage ni yadda take so, ta kira Mama in ta ga dama, amma kada maganar ta kai Effiduase. Nana ce za ta ja wa Kawu waƙa. A gabanta ya girma, tun da ya rasu ba ta cin abincin kirki, tana zaune tana haɗa sunayen da za ta kira.

Ƙanwarka mai jin kunya,
Frimpomaa

Hamburg, Afrilu

Frimpomaa,

Muna lafiya. Mama ta ce ba za ta faɗa ba. Ta ce in gaya miki ba don ke ba, don Dufie. Ni ma ba ta yi min magana sosai, sai dai ta ajiye min abinci ta shige ɗaki.

Dole in gaya miki abin da ba za ki so ba. Hoton da na cire ya riga ya fita hannuna. Na gan shi a shafuka uku da ban sani ba, wani har ya sa masa kiɗa. Na bi su ina roƙo, ɗaya ya cire, ɗaya ya ce nawa zan biya, na ukun bai amsa ba. Aikina ke nan fa, hango ɓaraka kafin ta fita, sai ga shi ni na buɗe wannan da hannuna ina jiran godiya.

Na gwada sabon da kika aiko. Selorm ya gyara taswirar, dodon ya daina maƙalewa. Tsoron kam ya tafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki bar shi haka.

Na nemi hutu in zo jana'izar, ba a ba ni ba. Wannan karon da gaske ne, amma na san yadda za a ji shi a gida.

Twumasi

Effiduase, Asabar da yamma

Yaya,

An binne Kawu. Kowa lafiya. Na hau tudun makaranta nake rubuta maka wannan, don gara ka ji daga bakina.

Da hantsi aka fito da shi tsakar gida kafin a rufe akwatin. Rumfuna sun cika, tufafin makoki ja da baƙi ko'ina, baƙi sun gama bin layi suna gaisawa. Shugaban dangi ya ɗaga hannu aka kashe lasifika. Nana ta miƙe, ta gyara ɗamararta, mata suka jeru a bayanta. Ka san shirun nan da ake yi kafin ta fara, ko ba ka sani ba, ban sani ba. Har masu sayar da ruwa a bakin hanya sukan tsaya.

A cikin shirun nan wayar wani ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin masu hayar rumfa ne, magidanci da gemunsa, ba ɗan garin ba ne. Kiran wayarsa muryar Nana ce, Yaya. Ta hau, ta hau, ta karye, sai tas. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, wasu samari a baya suka taya su. Ba su san komai ba, mutumin yana ta laluben aljihu.

Nana ba ta motsa ba. Ta ce, "Wa ya kawo Pokuaa nan?"

Ta yafito mutumin, ta ce ya sake sawa. Ya durƙusa yana cewa, "Nana, ki yi haƙuri, na manta ban kashe ba. Ba wani abu ba ne, wasan kwamfuta ne, dodo ne ake harbewa. Wata yarinya ce a Accra ta yi, wai Frimpomaa."

Ban san mutane nawa suka juyo ba, Mama kawai na gani. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Nana ta saurara har ƙarshe, har harbin. Sannan ta kwance ɗamarar, ta naɗe ta, ta koma kujerarta ta zauna. Matan suka tsaya suna kallon juna, ba wadda ta iya farawa. Shugaban dangi ya je ya sunkuya ya yi mata magana a kunne, ta girgiza kai. Da aka gaji da jira sai aka kunna lasifika, aka rufe akwatin da waƙar coci ta faifai. Kawu Asiedu ya tafi ba a kira sunan uwarsa ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta aika a kira ni ɗakinta. Na durƙusa, na ɗora hannu a kan hannu, na fara ba da haƙuri. Ta ce in bari, in nuna mata abin. Akwai ragowar hoton tsohon wasan a wayata, na riƙe mata. Ta matso da ido sosai, ta kalli lungun, ta kalli tocilar, ta kalli abin ya faɗo daga bututu.

Ta ce, "Ita mai kukan, wa ya mutu mata?"

Na ce, "Ba kowa, Nana. Dodo ne kawai."

"In kun harbe ta, wa ke binne ta?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ba a binnewa, Nana. Tsallake ta ake yi a wuce ƙofa ta gaba."

Ta ce, "To."

Ta miƙo min wayar, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, ta ce in ja mata labule.

Ka gaya wa Inna Gyamfua ta huta da riƙe min asiri.

Frimpomaa